Namijin Dabinon Baba Barau

Duk wanda ya san Dutse kafin ta zama babban birnin jiha ya san Baba Barau, ko da bai san sunansa ba. In ka ɗaga kai da hantsi a garkar da ke bayan duwatsu, ka hangi mutum maƙale a jikin dabino kamar ƙadangare, igiya a ƙugu, wuƙa a baki, to shi ne. Tafin ƙafarsa ya yi kaurin da ƙaya ke karyewa a ciki bai sani ba, sai ya dawo gida matarsa Iya Adama ta zaunar da shi, ta sa allura tana tono tana mita. Shekara arba'in tana wannan mitar, shi kuma shekara arba'in yana ce mata, "Gobe zan sa takalmi."

Sunan ya samo shi ne daga baƙin cikin iyaye. Sun binne uku kafin shi, da ya zo suka roƙi Allah ya bar musu wannan. Aka bar musu shi, aka ƙara musu da ƙaninsa Idirisu. Ubansu bai bar musu shanu ba, bai bar musu sarauta ba. Dabinai ashirin ya bari, mata, masu haihuwa, da namiji guda a tsakiyarsu, dogo, baƙi, wanda tun da aka shuka shi bai taɓa ba wa kowa ko ƙwaya ɗaya ta sawa a baki ba. Da aka zo rabon gado kowa ya ɗauki goma. Namijin ya faɗa ɓangaren Idirisu da taku uku, amma ba wanda ya damu, domin tsohon ya riga ya faɗa yana kwance a tabarmar ciwon ajalinsa: "Wannan ba na Barau ba ne, ba na Idi ba ne. Na dabinan ne."

Wanda bai tashi cikin dabino ba sai ya yi dariya in ya ji ana yi wa itace aure. Amma haka abin yake. Idan kaka ta wuce, sanyi ya fara taɓa kunne, namiji yakan fitar da wani kube mai kama da na takobi a tsakanin zarbarsa, wato rassansa. Ranar da kuben ya tsage, fure yakan leƙo fari sol, da gari mai laushi a jikinsa, da ƙamshi irin na ƙullu sabon niƙa. Sai mai hawa ya yanko shi, ya shanya a inuwa, ya rarraba shi sili-sili. Da macen ta buɗe nata furen, sai ya hau, ya cusa sili uku a tsakiya, kai a ƙasa, ya ɗaure da ganyen zarba, ya yi bismilla ya sauko. Macen ba ta jira sai 'yan kwanaki. In an makara, dabinon zai fito, amma ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, ya zube tun bai nuna ba. Iska ma takan yi wannan aikin, sai dai iska ba ta da alkawari.

Shi kuwa namiji ma suna ya tara. Wani in ka aura da shi, 'ya'yan su fito kamar an yi musu rowa. Na su Baba Barau ba haka yake ba. Dabinon da aka aura da shi yakan cika hannu, ya nuna da wuri, in ka ɓare shi zuma ta bi yatsa. Har daga Jahun mutane kan zo neman sili biyu ko uku, a ba su a naɗe cikin tsumma, su tafi suna sa albarka.

A shekarar 1991 aka ƙirƙiro jiha, aka ce Dutse ce hedikwata. Ma'aikata suka kwararo daga Kano da akwatunansu da fankokinsu, gari ya fara cin gonaki. Duk inda aka ja igiyar awo, abin da ake fara sarewa shi ne namijin dabino, tunda ba ya haihuwa, ba mai yi masa kuka. Cikin 'yan shekaru mazan da ke wannan gefen duwatsu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya rage na su Baba Barau kaɗai yana kaɗa kai a sama. A tsakanin nan Idirisu ya rasu. Ɗansa Uwaisu, wanda zuciyarsa ke kan tuƙin mota a Ringim, ya sayar da rabon ubansa ya tafi.

Wanda ya saya shi ne Malam Maharazu.

Mutum ne gajere, mai tsabta, hularsa kullum a karye gefe guda. Ya koyar da Turanci a wata sakandare kafin a ɗauke shi wani ofis inda aikinsa rubuta wa manya jawabi. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Abin da yake da shi wani murmushi ne: leɓen sama ya ɗage ta hagu, ido ya ƙanƙance, kamar mai sakace ba tsinke. Da wannan murmushin yake cin dara, da shi yake riga mutane shiga sahun gaba a masallaci, da shi yake zuwa ta'aziyyar wanda suka taɓa yin musu. Ranar da Baba Barau ya fara ganinsa, sai ya ji kamar ya ɓare dabino ya tarar da tsutsa. Ya yi istigfari, ya ce zato zunubi ne.

Ya ci gaba da abin da ya saba. Duk shekara ya hau namijin, ya aurar da mata ashirin, goma nasa, goma na baƙo. Bai nemi izini ba, bai nemi lada ba. A wurinsa dabinan 'yan uwa ne, hannu ɗaya ya shuka su. Shi kuma Maharazu yakan zo ran Asabar da wani ɗan littafin Turanci a hammata da buhun takin zamani a bayan babur, ya barbaɗa a gindin itatuwa, ya riƙe ƙugu yana kallon sama.

"Baba, wannan hawan da kake yi, ka dai san camfi ne ko? Littafi ya ce iska ce ke ɗaukar garin."

"To, Malam," in ji Baba Barau daga can sama. "Ai ni ma taya iskar nake yi."

A 1996 aka yi bikin nunin amfanin gona a filin gari. Maharazu ya kai nono uku na dabino, wato reshen 'ya'ya uku, kowanne sai da mutum biyu suka kama. Baba Barau bai kai komai ba, don shi bai taɓa jin ana gasa da abin da Allah ya nunar ba. Maharazu ya zo na ɗaya, aka ba shi keke da takardar shaida a cikin gilashi. Da aka tambaye shi sirrin, ya karɓe lasifikar ya yi ta zuba a kan ilimin zamani da taki da yaƙi da jahilci, har rana ta kau daga kan rumfa, bai ambaci ƙafar da ta hau ba.

Baba Barau yana cikin taron, a tsaye ƙarƙashin darbejiya. Rashin ambaton bai dame shi ba. Abin da ya tayar masa da zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Mutumin yana saukowa daga dandamali, sai ya ratse ta gaban wanda ya zo na biyu, wani dattijo da ya yi sammako daga Jahun da kwandonsa a ka. Ya tsaya, ya ɗauki dabino ɗaya daga kwandon, ya jujjuya shi a yatsa, ya mayar. Sannan ya yi murmushin nan. Dattijon ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da abin kunya.

Washegari da safe aka haɗu a teburin Sale mai shayi. Sale taubashin Baba Barau ne, kusan sa'arsa, bakinsa ba linzami. Maharazu ya zo da takardar gilashin, wai zai wuce da ita ofis, ya jingina ta da gwangwanin madara inda kowa zai gani.

"Kun san matsalar Hausa?" ya ce, yana juya cokali a kofi. "Talauci. Bature yana da kalma daban ta cin yaƙi, daban ta cin gasa, daban ta daɗin da mutum ke ji bayan ya ci. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da su, yara na ruɗewa. Mu kuwa komai nasara, komai nasara."

"A'a, Yallaɓai, kada ka yi mana ƙazafi," in ji Sale, yana tsiyayo shayi daga sama. "Muna da su tuli. Akwai nasara, ita Allah ke bayarwa. Akwai farin ciki, shi ma halal ne. Sai kuma tinƙaho, da fankama, da cika baki, da dariyar ƙeta. Su waɗannan mutum ke dafa wa kansa. Mu ba ma ruɗewa, tun daga nesa muke jin warinsu."

Aka kwashe da dariya. Maharazu ma ya yi, da rabin baki.

"Af, Sarkin Hawa," Sale ya juya ga Baba Barau, "keken nan fa? Kai za ka hau, ko namijin dabinonka? Tunda ku biyu kuka ci."

"Sale, kai dai ba ka girma. Zuba min shayi."

Maganar wasa ce, amma ta shiga kasuwa ta ƙi fita. Masu talla a tasha suka riƙa kiran, "Ga ɗan Barau! Ga ɗan Barau mai zuma!" ko da dabinon daga rabon Maharazu ya fito. Shekara huɗu Maharazu yana jin wannan kiran ta tagar mota. Takardar gilashi tana rataye a falonsa, amma tasha ta ƙi karanta ta.

Ya ja waya ya kewaye rabonsa, wai saboda awaki. Da farko ya bar ƙofa a buɗe. A shekarar 2000, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, ya yi ritaya, ya sauke farali, ya dawo Alhaji da haƙorin Makka, ya samu lokacin zama ya yi ta tauna abin da ke cinsa. Sai ya sa wa ƙofar kwaɗo.

Ranar da kuben farko ya tsage, Baba Barau ya ji ƙamshin tun daga bakin rijiya. Ya zo ya tarar da kwaɗo. Ya taka har gidan Alhaji, aka ce ya fita. Fure kuwa ba ya jiran mai gida. Ya dawo, ya ɗaga wayar, ya sunkuya ya shiga, ya hau, ya yanko. Kwana biyu sammaci ya same shi: an kai ƙararsa a kan sata.

Sata a wannan shekarar ba kalmar wasa ba ce. Iya Adama ta kama hannunsa na dama ta riƙe da hannu biyu.

Alƙalin dattijo ne, tashin ƙauye, ya san dabino. Da aka ajiye abin da aka ce an sata a gabansa, ya dubi furen, ya dubi mai ƙara, ya kori maganar sata nan take. Amma da aka zo kan itacen, sai takarda ta yi magana. Takardar ciniki ta ce fili da duk abin da ke kansa. Waɗanda suka ji wasiyyar tsoho kuwa duk suna maƙabarta, sai Baba Barau shi kaɗai, mutum kuma ba ya yi wa kansa shaida.

"Itace naka ne, Alhaji," in ji alƙali. "Amma ka sani, maƙwabci yana da haƙƙin da takarda ba ta rubuta ba. Ka bar wa dattijon nan ƙofa."

"Allah ya gafarta Malam, na ji, na kuma gode."

Ya juyo zai fita. Leɓen ya ɗage ta hagu.

Ran Juma'a aka raba goron gayyata: Alhaji Maharazu zai yi walimar godiya ga Allah a garkarsa, ran Asabar da hantsi. Ba a kira makaɗa ba, don shekarar ba ta kiɗa ba ce. Amma an kafa rumfa, an yanka rago, an ɗaura lasifika a jikin dabino, bakinta na fuskantar rabon Baba Barau.

Baba Barau yana zaune a bakin rijiya yana tufkar igiya aka fara. Ya ji hamdala iri-iri a rayuwarsa: ta mai jego, ta wanda ya tashi daga ciwo, ta manomi ranar ruwan farko. Bai taɓa jin wadda aka wasa kamar wuƙa ba sai ranar. Duk alhamdulillahi ɗaya da ta fito daga lasifikar, sai ta ƙetare waya ta faɗo gabansa kamar jifa. Ya ji wani yawu mai ɗaci ya taru a bakinsa. Mutum ya zage ka, ka san zagi ne. Wannan kuwa ya ɗauko ƙazantarsa ya zuba a kwanon sadaka, ya kira jama'a su sa hannu.

Can sai ga mutum uku da gatura a kafaɗa. Baƙi ne, daga nesa aka ɗauko su, don masu saran itacen unguwar duk sun ce hannunsu na ciwo.

"Alƙali ya ce in bar ƙofa," in ji Alhaji ta lasifika. "To ga ta nan a buɗe. Kowa ya shigo ya ga yadda ake raba gona da cima-zaune."

Baba Barau ya ajiye igiyar. Ya shiga ta ƙofar, ya ratsa tabarmi, ya je gaban mutumin da bai kai shi ba da shekara ashirin, ya durƙusa.

"Alhaji, ka ci. Kowa ya san ka ci. In kiran da ake yi a tasha ne, ni zan je da bakina in ce su daina. Ka bar itacen nan. Shi kaɗai ya rage a wannan gefen."

"Haba, Baba, tashi, tashi. Kada mutane su ce na wulaƙanta ka."

Amma bai miƙa hannu ya tashe shi ba. Ya bar shi a durƙushe har mai hoton da aka ɗauko ya gama gyara tsayuwa.

Dabino ba ya faɗuwa da wuri, don jikinsa zare ne, gatari yana shiga yana maƙalewa. Sun fi awa biyu suna sara. Wasu baƙin suka ture kwanonsu suka sulale. Sale ya tofar da tsokar da ke bakinsa, ya ce ragon nan ba a ambaci sunan Allah a kansa ba. Wasu kuwa suka zauna suna ci, suna kallo, suna neman ƙarin miya. Da itacen ya yi ƙara ya kwanta, ƙasa ta amsa har cikin rijiya. Sai wani farin gari ya tashi daga kansa, ya bazu a hankali a kan rumfa, a kan shinkafa, a kan babbar rigar Alhaji. Ƙamshin ƙullu ya cika garkar. Alhaji ya yamutsa fuska, ya kakkaɓe kafaɗa.

Baba Barau ya zare wuƙarsa, ya nufi kan itacen, wurin da bai taɓa isa ba sai da igiya, yau ga shi a ƙasa. Akwai sauran kube biyar da ba su fashe ba. Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya rungume.

"Kwashe, Baba, kwashe," in ji Alhaji. "Sharar ma na yafe maka."

Gangar jikin kuwa Alhaji ya sa aka ja ta har ƙofar gidansa, aka kwantar, ta zama wurin zama.

Baba Barau ya shanya furen a ɗakinsa, ya aurar da nasa goma. A ƙetaren waya, goman Idirisu suka buɗe, suka jira, kwaɗo ya koma ƙofa. Yana kan nasa itacen yana hangen furensu yana rikiɗa daga fari zuwa ruwan ƙasa, kamar ana kiran sunansa ya ƙi amsawa. Iska ta zo, ta kaɗa, ta wuce hannu wofi.

Da zafi ya fara shigowa, nasa goma suka sunkuya da nauyi har sai da ya tallafe su da igiya. Na Alhaji suka fito ƙanana, kore, suna zubowa kamar kashin awaki. Awakin ma in sun sansana sai su wuce.

"Sarkin Hawa, yau ranarka ce!" in ji Sale a teburin shayi. "Tashi mu je mu yi masa jaje. Ni zan riƙe lasifika, wane ya nemo mai hoto. Wanda bai ji bari ba fa?"

"Ya ji hoho!" teburi ya amsa.

Baba Barau ya ce su bari, bai bi su ba. Amma bayan azahar, da hanya ta yi shiru, sai ƙafarsa ta kai shi bakin waya shi kaɗai. Ga Alhaji a tsugune, ɗan littafin Turancin a ƙasa kusa da shi, yana tsintar zubabben dabino, yana fasawa da farce, yana neman ƙwallon da babu. Hular ta zame, gumi na bin ƙeyarsa. Sai Baba Barau ya ji wani abu mai ɗumi, mai zaƙi, yana tasowa daga cikinsa kamar kunun safe. Ya tsaya yana sha. Ya daɗe yana sha.

Alhaji ya ɗago. Bai dubi idonsa ba, bakinsa ya duba. Baba Barau ya kai hannu bakin, ya tarar leɓen sama a ɗage ta hagu.

Ya koma rijiya da sauri, ya ja guga, ya kurkure baki sau uku kamar mai alwala, ya ƙara sau uku. Ɗanɗanon bai fita ba. Da ya shiga gida Iya Adama ta ga yana ta tofar da yawu.

"Malam, me ka ci?"

"Mushe," ya ce.

Tun daga ranar bai sake tsayawa a bakin wayar ba, in Sale ya ɗauko zancen kuma sai ya ajiye kofi ya tashi.

Sanyi ya zagayo. Abin da ya rage na namijin ɗan gari ne a cikin gora, wanda ya kakkaɓe daga busassun furanni ya toshe da tsumma, ya rataye nesa da danshi. Garin shekara guda ƙarfinsa ya ragu, da kyar zai ishi goma. Ana nan sai ga Hajiya Zulaihatu, matar Alhaji, ta yi sallama da hantsi, ta zauna a gefen tabarmar Iya Adama, ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye ɗan makullin ƙofar garka.

"Bai aiko ni ba, Iya. Ba kuma zai aiko ba, na san wanda nake aure. Amma ni na share dabinon da ya zube bara, kwando goma sha. Ba zan iya sake sharewa ba."

Da ta tafi, Iya Adama ta dubi mijinta, ta dubi gorar.

"In ka raba, naka ma ba zai yi kirki ba."

"Na sani."

"To don me? Don shi?"

"Don shi ko tsinke ba zan ɗaga ba. Babanmu cewa ya yi na dabinan ne. Bai ce goma ba."

Ya sami auduga, ya yi ƙananan curi, ya barbaɗa wa kowanne gari kaɗan kamar mai auna magani. Yana da shekara saba'in ya hau itace ashirin, wasu sau biyu, wasu sau uku, kamar yadda furensu ya riƙa buɗewa. Ranar ƙarshe ya kifa gorar a tafin hannu, ya bubbuga gindinta. Ba abin da ya fito sai ƙamshi.

Dabinan ashirin suka haihu, ba kamar da ba, amma da ƙwallo, da zaƙi.

Wata la'asar yana dawowa daga masallaci ya bi ta ƙofar gidan Alhaji. Ga shi zaune a kan gangar namijin, ƙafa ɗaya kan ɗaya, baƙi uku a gefensa, faranti cike da dabino a tsakiya.

"Yauwa, ga shi nan ma, ku tambaye shi," in ji Alhaji. "Na kira shi? Ban kira shi ba. Na aika? Ban aika ba. Da ƙafarsa ya zo ya hau. Ita gaskiya haka take, komai daɗewa sai an dawo an bi ta. Baba, bismilla, ɗanɗana dabinona."

Baba Barau ya dubi farantin. Ya dubi itacen da ubansa ya shuka, wanda ya hau fiye da shekara hamsin, ya san kowane matakinsa kamar haƙoran bakinsa. A ƙasan gangar, inda ta taɓa ƙasa, gara ta gina hanyarta ta jan laka har ta kai tsakiya. Ya ji abin nan mai ɗumi yana neman tasowa. Ya danne leɓensa da haƙori har ya lafa.

"Alhaji, gara ta shiga itacen nan. Ka riƙa zama a tabarma, kada ya burma da kai."

"Kun ji ko?" Alhaji ya tafa cinya, ya juya ga baƙinsa. "Har yanzu abin na cinsa!"

Baba Barau ya wuce, dariyarsu na bin bayansa.

Da sanyi ya sake zagayowa, ya shiga motar Jahun neman fure a wurin mutanen da a da su ke zuwa nema a wurinsa. Suka ba shi da mutunci, a naɗe cikin tsumma. Ya aura, dabinan suka haihu, amma irin wanda ake samu a kowane tire. A tasha kiran "ɗan Barau" ya yi ta raguwa har ya ɓace, ba wanda ya hana shi. Alhaji ya lura da hakan tun kafin kowa, ya kuma faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi.

Daga baya gwiwa ta hana Baba Barau hawa. Ya sayi takalmin roba, ya sa, Iya Adama ta mayar da allurarta cikin kayan ɗinki. Ya sauya hanyar masallaci, yana zagayawa ta bayan makaranta, ko da yake ta fi nisa, ƙafar kuma ba ta so. Har ya bar duniya, in wani ya zo masa da albishir cewa ya ci, ko zaɓe ne, ko shari'a, ko dara, ba ya tambayar me aka ci. Bakin mutumin yake duba tukuna, sannan ya san ko zai ce barka.